Ranar Da Na Zubar Da Waliyyi A Hanya

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Hajara ba, kuma ko na so mantawa, mutanen Ƙofar Guga ba za su bar ni ba.

Da mahaifinmu ya rasu, ni tsohon babur ɗinsa kawai na ce a bar mini. Irin na da ne, mai hayaƙi, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Ya tsufa har mai keke yakan wuce shi yana waiwaye. Ni ba makanike ba ne, malamin firamare ne, sai dai Allah ya yi ni da karambani. Na kwance injin a zaure, na ciro bulo, wato gidan da fistan ke hawa da sauka a cikinsa. Na sa magagari na faɗaɗa kafofin da mai ke shiga da wadda hayaƙi ke fita, na bi su da samfefa har suka yi sulɓi, sannan na kai aka ɗan rage kan bulon don matsi ya ƙaru. (Maiɗakina ta ce tun da aka kawo ta gidan ban taɓa lallaɓa ta kamar ƙarfen nan ba. Na yi kamar ban ji ba.)

Jama'a, aiki ya yi kyau! Kukan babur ɗin ma ya canza. Hali ɗaya gare shi: in ana tafiya a hankali sai ka ce barci yake ji, amma da ka murɗa ya kai wani wuri, sai ya zabura kamar an tsikare shi.

Ranar ɗaurin aure ƙofar gida ta cika, liman ya zauna, dangin ango sun iso, amma babu waliyyin amarya, Baba Lawal, ƙanen mahaifinmu. Motar da za ta ɗauko shi daga Ƙofar Kwaya ta ƙi tashi. Na miƙe na ce, "Ku bar mini."

Da Baba ya fito cikin babbar riga ya ga abin hawan, sai ya yi dariya. "Ba babur ɗin Yaya ba ne wannan? Yo ɗan nan, ai sai la'asar mu isa."

Maganar ta sosa mini rai. Na ce, "Baba, ku dai riƙe da kyau."

"In riƙe mi?"

Muna shan wata kwana inda aka zube yashin gini, na murɗa. Ƙafar gaba ta ɗaga sama ta dawo, babur ya yi sakayau, ya cilla. Na ce a raina, ka ji ƙarfi! Ina tafe ina ɗaga murya ina yi wa Baba bayanin bulo da fistan. Shirun da ya yi na ɗauka mamaki ne.

Na ci birki a gaban taro, na ce da ƙarfi, "To, ga Baba na kawo!"

Liman ya leƙa bayana, ya dube ni. "Malam, wane Baban?"

Na waiwaya. Takalmi ne ƙafa ɗaya maƙale a matakin baya. Kafin in juya, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya, Baba ya sauko, hula a hannu, yashi na zuba daga aljihunsa. Allah ya kiyaye, a kan tulin yashin ya dira, ko ƙwarzane bai yi ba. Aka fashe da dariya, har da dangin ango. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai da aka shafa fatiha, sannan ya yafuto ni.

"Mi ka yi ma babur ɗin nan?"

Na faɗa masa, kaina a ƙasa.

Ya jinjina kai. "Ashe akwai wannan ƙarfin cikinshi, muka yi ta fama da turi. Akwai nawa cikin soro, gobe ka zo ka yi mashi irin wannan aikin. Amma ni zan tuƙa, kai ka hau baya."

Har yau ina alfahari da wannan bulo, ba zan ɓoye ba. Abin da na koya kawai shi ne, duk ƙarfin injinka, kafin ka yi shelar ka kawo mutum, waiwaya ka tabbatar yana nan.