Ranar da Aka Canza Aksil ɗin Motar Baba

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Asabar ɗin 'yata ta fito tsakar gida da rigar aiki, ta ɗaure kanta da tsohon ɗankwali. Mahaifina yana zaune a kujerarsa ta roba kusa da akori-kurarsa. Wata biyar ke nan motar tana kan gumagumai, tun da aksil ɗinta na baya ya karye, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya biyu. Ni na yanke cewa in wata ya ƙare ba ta tashi ba, zan kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Baba, wanda ya shekara ashirin da shida yana tuƙa ta, bai yi mini musu ba, sai dai ya daina cin abinci tare da ni. 'Yata ta gama karatun injiniya a shekarar. Ta samo aksil na hannu, ta ce a ba ta yini ɗaya.

"Ango, an tashi lafiya? Ko har yanzu ana tattara ƙasusuwan?"

"Lafiya lau, Uwargida. Yau kuma wa za a kashe? Na ga kin ɗauko sifana."

"Motarka zan tayar, tunda mijin nawa ya kasa."

"Ni na kasa? Ina tuƙi ubanki yana yawo ba wando."

"Abba, kana ji fa."

Na ce ina ji, kuma ba ruwana.

Ƙarfe tara ta shimfiɗa kwali ta shige ƙarƙashin motar. Ta fi minti ashirin a kan noti guda.

"Wane azzalumi ne ya ɗaure wannan?"

"Ni ne. Da hannu ɗaya, ɗayan ina shan shayi."

"Shi ya sa ya shiga a karkace."

"Idonki ne a karkace. Shekara biyar a jami'a ba a koya muku kwance noti ba?"

"An koya mana sakin miji mai surutu."

"Sake ni mana! Wa zai kwashi mace mai warin baƙin mai?"

"Layi ake yi a ƙofar gida."

"Masu neman gyara kyauta ne, yarinya."

Sha ɗaya da rabi muka jawo tsohon aksil ɗin, ni da ita da maƙwabcinmu mai walda. Ta tsiyaye man aksil ɗin a kwano, ta sa yatsa ta ɗago da ɓarɓashin ƙarfe.

"Ango, tsakaninka da Allah, buhun siminti nawa ka ɗora mata ranar?"

"Ashirin."

"Ango."

"Talatin da biyar. Ita ta ce in ƙara."

"Ka karya mata baya, kana zaune kana mata kukan maraici."

"Ni ban yi kuka ba. Ƙura ce ta shiga idona."

"Wata biyar ƙura tana shiga?"

Baba ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ga motar.

Ƙarfe biyu, bayan salla da abinci, muka tura sabon aksil ɗin a kan jak. Ta ɗaure shi a jikin sifirin da ke ɗaukar nauyin motar, noti bayan noti, tana zagayawa tana dawowa kan na farko. Baba yana ƙirga mata da ƙarfi, yana tsallake lamba da gangan.

Ƙarfe huɗu aka zo fitar da iska daga birki. Aiki ne na mutum biyu: ɗaya yana taka birkin a gaba, ɗaya yana buɗe ɗan notin da ke bayan taya. Na ce zan taka. Baba ya ce ƙafar malamin makaranta ba ta san birki ba, ya hau da kansa.

"Taka!"

"Na taka."

"Da ƙafa nake nufi, ba da baki ba."

"Ƙafar nan ta taɓa tsayar da tirela a gangara."

"Bara ka ce bas ce. Riƙe!"

"Na riƙe ki shekara ashirin da huɗu, birki ne zai gagare ni?"

"Ni nake riƙe da kai. Saki!"

"Kin ji, ke kika nema. Saki nawa?"

Dariya ta sa man birki ya zubo mata a hannu.

Biyar da rabi aka sauke motar a kan tayoyinta. Baba ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Batirin ya mutu saboda dogon zama. Mai walda ya kai shi caji, aka ce sai Litinin. Ta tsuguna a bakin famfo tana goge hannu da sabulun gari da yashi.

"To, Ango, faɗi a gaban Abba. Na iya ko ban iya ba?"

"Ba a yabon aksil a tsaye. Sai an ɗora kaya, an hau tudu, na kasa kunne."

"In bai yi kuka ba fa?"

"Sai in yi tunani."

"Marowaci! Yabon ma sai an yi ciniki?"

"Litinin dai."

Lahadi da yamma ta ce kanta yana ciwo. Litinin da safe muka kai ta asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a cikin kai. Ta rasu ranar Talata, sha ɗaya saura minti goma.

Wata ya ƙare ban kira kowa ba, ban kuma karɓo batirin ba. Kwana goma sha tara da rasuwarta, Baba ya same ni a ɗaki, ya ce in je in karɓo. Muka ɗora bulo arba'in a baya. Ya miƙo mini makulli.

"Kai ka tuƙa. Ni a baya zan zauna, can ake ji."

Sai da na tallafa masa ya hau. Ya zauna a kan bulo, daidai saman aksil ɗin. Na bi hanyar da ke hawa zuwa tankin ruwa, a giya ta biyu, kamar yadda ya ce. Ta madubi ina ganinsa ya sunkuyar da kai gefe guda, idonsa a rufe. A saman tudun na tsaya na zagayo.

"Ja'ira," ya ce. "Ta san zan faɗa, shi ya sa ta gudu, don in faɗa wa iska."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Ko ƙis babu. Ni kaina ban taɓa ɗaura aksil haka ba." Ya yi 'yar dariya, ya buga tafin hannunsa a jikin motar. "Uwargida, kin iya. Ga shi na faɗa a gaban ubanki."

A daren ranar ya ci abinci tare da ni.

Tufafinta mahaifiyarta ta raba wa 'yan'uwa. Littattafan na kai wa wata ƙawarta da ke aji na ƙarshe. Masu sayen ƙarafa sun zo, suka tafi da karyayyen aksil ɗin kaɗai. Mai walda ya tambaya ko za a sayar da akwatin sifanoninta. Kafin in buɗe baki Baba ya ce shi ne mijin, gadonsa ke nan. Ya ɗauka da kansa, bai yarda an taya shi ba, ya sa a bayan kujerar motar.