Likitan Inji da Tsinken Tsintsiya

Duk layinmu babu mai ilimin Likitan Inji, shi da bakinsa ya gaya mana. Sauran makanikai baƙin mai har gwiwar hannu. Shi kuwa farar riga yake sawa, biro uku a aljihu, ba ya taɓa inji sai da tsinin sukundireba, kamar mai gudun ɗaukar cuta. Shagonsa ma ba shago ba ne, "Asibiti" aka rubuta a ƙofa.

Ran nan wani mai faskare ya shigo da injin yankan itace a kafaɗa, hankali a tashe. Iska ta karkato da wata ƙatuwar bishiya kan ɗakin mahaifiyarsa, ga hadari kullum yana haɗuwa, tsohuwa kuma ta ce ba inda za ta. Injin na marigayi wansa ne, shekara biyu yana yashe a bayan ɗaki. In an ja igiya sai ya yi tari ya mutu.

Likita ya ɗora sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙota, ya lumshe ido. Injin da ko tashi bai yi ba, Allah kaɗai ya san abin da ake saurara. Ya aiki mai faskare ya sayo fulogi. Shiru. Ya sa shi ya wanke kafireta, ya sake fetur, shi yana daga kujera yana nuni da biro. Shiru.

"Bawan Allah," in ji Likita, "wannan ciwon fistin ne mai tsanani. Mu uku muka san shi a ƙasar nan, biyun sun rasu. Sai haƙuri, inji ya cika. Bar mini gawar."

Mai faskare ya zauna daɓas, idonsa ya kawo ruwa.

Ana haka gwaggon Likita, wadda ta goya shi, ta shigo share masa shago kamar kullum. Ta duƙa za ta ja injin gefe, sai ta tsaya.

"Ɗan nan, wannan ba gidan zanzaro ba ne a bakin salansar?"

Likita ya yi mata murmushin tausayi, ya soma bayani a kan shekarun da ya kwashe yana bincike. Gwaggo dai ta zare tsinke daga tsintsiya ta yi ta sakatar bakin salansar, busasshiyar ƙasa na zubowa. Mai faskare ya ja igiya sau ɗaya, gawa ta tashi da ruri, ta fesa wa farar riga baƙin hayaƙi tun daga wuya. Mun ga bakin Likita yana motsi, daga baya ya ce wai dama gwada su yake, amma ƙara ta hana kowa ji.

Kafin yamma bishiya ta kwanta a tsakar gida, ɗakin tsohuwa ko ƙwarzane.

Yanzu duk wanda ya kawo inji Asibiti, daga ƙofa yake tambaya ko Gwaggo tana ciki. Jiya na lura da aljihun Likita: biro uku, da tsinken tsintsiya.