Ƙarƙashin Gadon Hajja Asabe

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ba, ko na so ma 'yan unguwarmu ta Dar Salam ba za su bar ni ba. Amma bari in gyara zance: ƙarya ne da ake cewa na ɓuya a gidan Hajja Asabe don in ji ko an yi mini miji. Inna na je ceto.

Duk Alhamis bayan la'asar, matan da suka taso daga ƙauyukan Jazira sukan taru a tsakar gidan Hajja, su dafa gahawa, su rufe ƙofa. Inna takan dawo idanunta jajir, in na tambaya ta ce hayaƙin gawayi ne. Ni da na yi sakandare za a ce wa gawayi? Tun da Baba ya tafi neman aiki bai waiwayo ba, na tabbata da shi suke mata gori, ita kuma ga haƙuri kamar ƙasa.

Sai na riga kowa zuwa, na faki idon Hajja na shige ƙarƙashin angareb, gadon igiyar nan. Abin da ban yi tunani ba shi ne wadda za ta zauna a kai. Gwaggo Talatu ce (wadda raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ke karkacewa in ta hau). Igiya ta sauko har ƙeyata.

Gwaggo ta ba da labarin yadda naƙuda ta kama ta a tsakiyar gonar auduga, ana ta dariya. Na ce a raina, share fage ne, na san ku. Can sai muryar Inna ƙasa-ƙasa, ban ji me take faɗa ba, sai kuma kuka. Ai ban jira ba.

"Ku ƙyale ta, munafukai!"

Kaina kaɗai ya fito, igiya ta riƙe mini kitso. Gwaggo ta zabga salati ta shure faranti, gahawa ta wanke mini fuska.

"Ke!" in ji Inna. "Wa ya taɓa ni? Labarin ƙanwata nake bayarwa, wadda ruwan gona ya ci muna yara."

Ban ma taɓa sanin Inna ta yi ƙanwa ba.

Hajja ta durƙusa tana kwance mini kitso, ba ko fushi, abin da ya fi mari ciwo. "Ya bitti, 'yata, nan dokarmu ɗaya ce: ba mai jin na wata sai ta ajiye nata. Shi ya sa maganarmu ba ta fita waje. Ke kin ci bulus. Ko ki zo ki ba da naki, ko uwarki ta zauna a gida, don ba mai sake buɗe baki."

Na bi Inna muka kama hanyar gida. Da muka isa ƙofa ta ce, "Can kaɗai nake numfashi."

Na dai koyi cewa ba duk mai kuka ke neman ceto ba, musamman daga mai kwance a ƙasa.

Alhamis mai zuwa zan je. Na duba rayuwata kaf, labari ɗaya gare ni mai nauyin nasu: jarrabawar da na ce wa Inna an ɓatar da sakamakonta, faɗuwa na yi. A gabanta zan faɗa, sai dai kusa da ƙofa zan zauna.