Ni da Ƙahon Madam Odil

Shekara ashirin da bakwai ina gyaran lagireto a Ƙofar Ruwa, ba a taɓa dawo mini da aiki ba, sai da Allah ya haɗa ni da wata Bafaransa, Madam Odil. Mawaƙiyar wani kiɗan Turawa ce da ake kira jaz, kuma tana busa wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa kamar hanjin rago. Wai tun tana budurwa take yawon duniya da shi. Ta zo Kano yin wasa, akwati ya danne bakin ƙahon a mota ya lotsa. Direbanta Sallau, mutumin Maraɗi mai jin Faransanci, ya kawo mini shi da safe, ya ce da la'asar za ta hau dandali. Na buge lotsawar tas, ko makaho ya shafa sai ya yaba. Ina jujjuya shi sai na ga wani ɗan rami mai murfi a ƙasansa, ruwa na ɗiga. Ni kuwa ƙarfe ba ya yoyo a gabana ya tafi haka. Na liƙe shi da dalma, kyauta ma, saboda baƙuwa ce.

Da la'asar na saɓa babbar riga na zauna a sahun gaba, ina gaya wa na dama da na hagu aikina ne. Waƙar farko lafiya lau. A ta uku ƙaho ya fara ƙululu ƙululu, sai ka ce tsoho na kurkurar baki. Ta danna murfi, ta girgiza, ko ɗigo. Jama'a suka tuntsire da dariya, na kusa da ni duk suka juyo suna kallona.

Ana tashi ta nufo ni, fuska ja wur, Sallau na biye yana fassara.

"Malam Ilu, ta ce uban wa ya sa ka toshe ramin nan?"

"Ce mata yoyo yake yi. Godiya nake jira."

"Ta ce ba yoyo ba ne! Ta nan ake zubar da yawun da ya taru in ana busa. Shekara arba'in haka take yi, daga Faris har Dakar. Yanzu ina za ta kai yawun?"

Na gyara zaman hulata, na ce, "Shekara arba'in tana tsiyayar da yawu a gaban manyan mutane, ba wanda ya kwaɓe ta? Gaya mata mu nan haɗiyewa muke yi."