Sirrin Barcin Rana a Makarantar Dakta

Duk wanda bai san Dakta ba, to bai san ilimi ba. Shi ma haka yake faɗa, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Taron bita ya je na ƙarshen mako, ya dawo da takardar shaida a cikin firam, tun daga ranar ko matarsa ba ta isa ta ce masa Malam ba. Makarantarsa ta rainon yara ɗaki biyu ce da tsakar gida da lilo ɗaya mai ƙara, amma allon da ya kafa a bakin titi ya kusa fin ajin faɗi. Malamansa mata biyu, a gabansa Yallaɓai suke ce masa, in ya ba da baya kuwa Baban Jawabi.

A makarantar Dakta yaro ba ya wanke hannu, sai dai ya halarci Darasin Kare Lafiyar Al'umma. Cin biskit sunansa Zaman Gina Jiki, wasan ƙasa kuwa Injiniyanci Matakin Farko. Ko fo yaro zai hau, sai a ce ya tafi Uzurin Gaggawa. Kowace safiya Dakta kan jera 'yan shekara uku a tsakar gida, wannan da majina, waccan ta sa takalmi a baibai, ya gyara taye, ya lumshe ido don jin daɗin muryarsa.

"Manyan gobe! A yau zan yi tsokaci kan falsafar tarbiyya a mahangar zamani, bisa wasu ginshiƙai da ni kaina na gano."

Yaran kan zuba masa ido har kai ya fara rinjayarsu. Dakta yana kiran wannan nutsuwa.

Abin da ya fito da sunan makarantar shi ne barcin rana. A ko'ina kwantar da ƙananan yara yaƙi ne, amma a wurin Dakta ana shimfiɗa katifu sai ɗaki ya yi tsit. Gaskiyar maganar kuwa, Anti babba, ɗaya daga cikin malaman, ita ce ta lura da yadda yara ke gyangyaɗi da safe in yana jawabi, ta same shi a ofis ta rusuna.

"Yallaɓai, ka ba ni izini in ɗauki jawabinka a waya, yara su riƙa amfana."

Saura kaɗan Dakta ya yi hawaye don daɗi. Ya miƙe tsaye ya maimaita mata daga farko, har da ƙari. Tun daga nan, da ya fita cin abincin rana, sai Anti ta kunna wayar, kafin a kai ginshiƙi na biyu kowa ya yi laƙwas. Bawan Allah bai san haka ake yi ba. Ya raɗa wa abin suna Tsarin Nutsuwa na Dakta, da shi kuma yake neman kujerar shugaban ƙungiyar masu makarantun raino. Kujerar nan ta shiga ransa matuƙa, har kati ya buga mai ɗauke da "Shugaba", ya ɓoye a aljihun kwat yana shafawa.

Shugaba mai barin gado wata dattijuwa ce, Hajiya, wadda duk wanda ta nuna shi ake zaɓa. Ta ce za ta zo da ma'aji su ga tsarin nan da idonsu.

Ranar ziyara Dakta ya sa aka goge lilo, aka share hancin kowa, shi kuwa ya yi wanka da turare. Ya zaunar da baƙi a kan 'yan kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa. Ana shimfiɗa katifu Anti ta matso a firgice ta raɗa masa cewa babu wuta tun jiya, wayarta ta mutu.

"Ina ruwan tsarina da wayarki? A fara!"

Aka fara, amma ba barci ba. Wani ya mai da katifa wurin tsalle. Wata ta ɓare baki tana kiran mamanta, 'yan biyu suka taya ta. Wani ya tuɓe wando ya zagaye ɗaki yana shelar Uzurin Gaggawa. Wata 'yar mitsitsiya ta je ta share hancinta da mayafin Hajiya, cikin nutsuwa kuwa, yadda aka koya mata tsafta. Hajiya ta dubi ma'aji, ma'aji ya dubi silin. Gumi ya jiƙa Dakta sharkaf, yana ganin kujera na kuɓuce masa. Sai ya koma ga abu ɗaya da ya iya a duniya.

"Ranki ya daɗe, kafin a ga sakamako, wajibi ne in yi tsokaci kan falsafar tarbiyya a mahangar zamani..."

Ya lumshe ido ya shiga zuba. Ya bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi, ya kawo tarihin rayuwarsa tun daga firamare. Da ya buɗe ido, sai ga yara sun zube ko'ina, mai wando a hannu ma ya kife a bakin ƙofa. Daɗi ya kama Dakta kamar ya taka rawa. Ya juyo da fara'a don karɓar yabo.

Hajiya ta jingina da bango, baki a buɗe. Ma'aji ya ɗora kai a kan akwatin kayan wasa yana minshari. Anti babba ma a tsaye take gyangyaɗi.

Dakta ya yi gyaran murya da ƙarfi. Hajiya ta farka tana goge gefen baki, ta tambayi Anti ko kullum haka Dakta ke tsayawa a kansu.

"A'a, ranki ya daɗe," in ji Anti cikin magagi. "Ai a waya muke kunna musu shi. Bai taɓa ba mu kunya ba."

Hannun Dakta ya sauka daga aljihun kwat a hankali. Hajiya ta dafa bango ta miƙe, ta yi miƙa har ƙashinta ya yi ƙara.

"Dakta, sannu da ƙoƙari, rabona da barci irin wannan har na manta. Kujera dai ka haƙura. Duk wata muke taro, kuma ƙungiya ba ta da katifun da za su ishi mambobi. Amma don Allah in an kawo wuta a turo min jawabin, ina da jika mai hana mu sakat."