Yadda Ake Mayar da Yara Tara Su Koma Shida Kafin Jami'ar Duba Ta Iso

Ke mai renon 'ya'yan mutane a falonki, wadda takardar izininki ta ce shida amma kina da tara, kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, na yi miki alkawari jami'ar duba za ta bar gidanki tana murmushi. Yayata, wadda iyayen yara ke kira Anti, ta bi su bisa shawarata, kuma ta ci.

1. Ki san ranar zuwanta

Wai ziyarar ba-zata ce. Wai. Duk mai renon da aka duba, kafin jami'a ta tada mota ta riga ta kira mai renon da za a duba a gaba. Don haka ki zauna lafiya da sauran masu reno, ko da kuwa kuna ƙwace wa juna yara.

2. Gyara abin da ido ke gani

Toshe soket. Ɗora maganin wanke banɗaki a saman kabad. Tukunyar kashe gobara kuwa goge ta kawai, muddin tana ƙyalli ba mai tambayar ko tana aiki. In maigidanki ya shanye magungunan akwatin taimakon gaggawa, cika shi da auduga. Auduga tana da kwarjini.

3. Zaɓi ukun da za a rage

Nan ake gane gwanaye. Kada ki ɓoye mai kuka, za a jiyo shi ta katanga. Anti ta fitar da mai surutu, don kada ta tona asiri, da mai cizo, don kada ya ciji hukuma. Ta uku ita ce 'yar wata ma'aikaciyar jinya, wata goma sha huɗu, ba ta daɗe da fara tafiya ba, ba kuka ba rigima.

"Wannan ko a aljihu aka sa ta ba za a ji ta ba," in ji Anti.

4. Nemi maƙwabciya

Ta Anti tela ce, ƙofa da ƙofa suke.

"Rabin awa kawai, Maman 'Yan Biyu."

"Anti, ina da ɗinkin da za a karɓa yau."

"Kunna musu talabijin, ba za ki ma san suna nan ba."

Kada ki tsaya duba gidan maƙwabciya. Ba ita za a duba ba.

5. Ɓoye takalma

Jami'a mai wayo takalman bakin ƙofa take fara ƙirgawa, sannan kofuna, sannan jakunkuna. Na ukun nan duk Anti ta cusa su a injin wanki ta rufe.

6. Ki bar ta ta yi rarrafe

Za ta durƙusa ta zaga falo da gwiwa, don ta ga abin da yaro ke gani. Kada ki yi dariya. Za ta leƙa banɗaki ta kifar da bokiti ta ga ko da ruwa. Wadda ta duba Anti ta yaba, ta sha ruwan sanyi, ta yi hira, har rabin awa ya zama awa ɗaya da rabi. Ta sa hannu ta ce, "Da ma kowa kamar ke."

7. Ƙirga su in kin je ɗauka

Wannan matakin daga baya na ƙara shi. Anti ta shiga gidan tela da fara'a, keken ɗinki na ta ƙara, yara biyu na gaban talabijin.

"Ina ƙaramar?"

Tela ta ɗago. "Ba tana nan ba?"

Ƙofar banɗaki a buɗe take. A ciki akwai babban bokiti da aka jiƙa yadi, yarinyar ta rataya a bakinsa tana miƙa hannu, yatsun ƙafarta sun riga sun bar ƙasa. Anti ta cafko rigarta ta baya. Gashin goshin 'yar ya jiƙe. Yarinyar ta kalle ta ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne.

Anti ta zauna a ƙasan banɗakin mutane da 'yar a ƙirjinta. Tsoro irin wannan ba ta taɓa ji ba, kunya kuma ta fi tsoron. Da yamma ta gaya wa iyayen ukun komai, ba tare da shawarata ba. Uwar yarinyar ta saurara har ƙarshe, ta karɓi 'yarta da jakarta, ta tafi.

Sanarwa

Na yi alkawarin cin jarrabawar jami'a, kuma an ci. Abin da ya faru a gidan da ba a duba ba, babu hannuna a ciki. Mai ƙorafi kada ta biyo ta wajen yayata, don yanzu in ta zo gidana ko gaisuwa ba ta tsayawa yi, banɗaki take wucewa ta zubar min da ruwan da na tara.