Cittata a Kan Tsofaffin Jaridu

Ni ne na yi laifi, gara in faɗa da bakina tun farko. Kuma ba zan taɓa mantawa ba da makon da sunan laburarenmu ya zagaya ƙasar nan, ba don ilimi ba, sai don citta.

Ina aiki a laburaren wata kwaleji a nan Kafanchan. Aikina jera littattafai da buga hatimi. Da shugabarmu, Madam Rifkatu, ta dawo daga wani taro a Kaduna, sai ta ce dole mu buɗe shafi a dandalin nan da ake rubuta gajerun saƙonni, domin ɗalibai su ji labarin sababbin littattafai, mu kuma mu san abokan aikinmu na wasu garuruwa. Aka damƙa mini shafin saboda ni kaɗai ne gilashin wayata bai fashe ba (iyakar cancantata ke nan).

Cikin wata biyu kaina ya kumbura. Manyan ma'aikatan laburare na jami'o'i suka fara bin shafinmu. Wani farfesa ya taɓa amsa mini da "Madalla". Na nuna wa matata, na nuna wa 'yan kwayarmu da muke waƙa tare a coci, har mai gyara mini babur sai da ya gani. Daga nan na koma yi wa duniya wa'azi kullum a kan darajar littafi.

To, ni mutumin Kachia ne, kuma mu ko wane aiki muke yi, akwai gonar citta a gefe. Na ajiye buhu biyu a gida, damina ta shigo, ɗakin ya yi danshi, citta ta fara fumfuna. Sai na tuna da ɗakin tsofaffin jaridu da ke bayan laburare: ga fanka, ga manyan tagogi, ga shi ba mai shiga. Ranar Asabar na ɗauko ta a babur, na buɗe kundayen jaridun da suka girme ni, na shimfiɗa su a kan tebura, na baza cittata. (Na gaya wa kaina takarda tana shan danshi. Kun ga amfanin aiki a cikin littattafai.)

Mama Saratu, dattijuwar da ke yi mana shara, ta same ni ina bazawa.

"Ɗana, wannan abu ba kyau fa. Madam zai yi fushi."

Na ce, "Mama, ki kama shararki. Wannan sha'anin masu ilimi ne."

Ranar Litinin wa'azi ya motsa mini. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ɗauki kaina hoto. Na duba fuskata, na duba wuyan rigata, na duba ko tumbina ya fito. Bayana ne kawai ban duba ba. Na wallafa da cewa: "Tsofaffin jaridu tarihin al'umma ne. Mu a nan muna kula da su kamar 'ya'yanmu."

Kafin azahar wayata ta ɗauki zafi. Na ɗauka ɗaukaka ce ta iso.

Wata daga Zariya ta rubuta: "Malam, mene ne wancan a kan 'ya'yan naku?" Wani ya amsa mata: "Citta ce, kuma mai kyau." Wani ya tambaya a wace lamba muke jera ta, wani ya ce ko ana ba da aronta na mako biyu. Farfesana ma ya shigo. Ya dai ƙara girman hoton, ya zagaye teburin da jan layi, ya sake wallafawa.

Mai hankali zai ce ya yi kuskure. Ni kuwa na rubuta: "Mun gode da kulawarku. Mai shararmu ce ta yi haka cikin rashin sani. Za a ɗauki mataki." Har yabona aka yi a kan saurin amsawa.

Ban yi tunanin Madam tana karanta shafin ba. Ta kira Mama ofis, ni ina tsaye a gefe kamar dattijon coci. Mama ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, takarda ɗaya ta isa ta raba ta da aikin, kuma da sharar nan take riƙe gidanta tun rasuwar mijinta. Madam ta ce ta zauna a gida, ranar Juma'a za ta rubuta wa hukumar kwaleji.

Mama ta dube ni. Ni kuma na ga wani littafi ya karkace a kantar littattafai, na je gyara shi.

"Madam, ni ko gonar citta ba ni da shi," in ji ta. "Amma Ubangiji ya san mai kaya."

Madam ta ce tun da kayan Mama ne, a kwashe a kai mata gida. Da hannuna na ɗura cittata a buhu, na ɗora wa ɗan acaba, ina kallo ta tafi.

Zan so in ce lamirina ne ya tashe ni. Ba shi ba ne. Ranar Laraba na koma gida na tarar da buhunana biyu a tsakar gida, matata na zaune a kan ɗaya. Ashe Mama ce ta kawo su da kanta, ta ce mata, "Ga kayan mijinki, 'yata. Ba na cin abin da ba nawa ba." Sai ta sha ruwa, ta gaishe da yara, ta tafi.

"Baban Alheri," in ji matata, "ran Lahadi kai za ka ja waƙa, ko? Mama kuma tana layin gaba a coci da 'yan zumuntar mata. Ina so in ga bakin da za ka buɗe."

Ban iya cin tuwon ranar ba.

Da safe na shiga ofishin Madam na zayyana komai, ina ta murɗa hula. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "A ofishina ka yi ƙaryar, ko a gaban duniya?"

Abin da na koya shi ne, ƙaryar da ka wallafa da yatsa ɗaya, da ƙafa biyu ake zuwa janye ta. Madam ta yaga takardar korar Mama da ta riga ta tsara, ta fara rubuta tawa ta gargaɗi. Ta karɓe shafin daga hannuna, amma sai da ta sa na yi rubutu na ƙarshe. Da yake wayar Mama ba ta shiga irin waɗannan wurare, na je har gidanta, na durƙusa a bakin murhu na karanta mata, maƙwabta suna leƙe ta katanga:

"Cittar da kuka gani tawa ce. Ni na baza ta a kan jaridun, bayan mai shararmu ta hana ni. Da kuka kama ni, na ɗora mata laifin domin na san ba za ta ga abin da na rubuta ba. Na yi ƙarya, na kusa raba ta da abincinta. Mama, ba ki yi komai ba. Ki gafarta mini."